Turken Ƙarfen Bayan Biro

Sati uku ke nan da abin ya faru. Har yanzu in na miƙa hannun dama zan ɗauki wani abu na ƙarfe, ko da cokali ne, sai hannun ya tsaya a hanya, ba da sanina ba. Ina rubuta wannan a kaye, littafin rubutun da ya rage mini tun kwaleji, don bakina ya kasa faɗa.

Ina aiki a wani biro, wato ofis, na aikin gona a Magarya. Da na sami birebe, takardar gama kwaleji, na koyi buga mashin ɗin rubutu, aka ɗauke ni. Biron ɗaki biyu ne, sai rumfar kwano a baya inda gurup yake, injin da ke ba mu kuran, wato wutar lantarki. Mu huɗu ne a wurin. Akwai shef, injiniya ne da ya yi karatu a waje. Akwai Baba mai gadi, Bafillace ne, farin nan na shekara biyar da suka wuce ya ƙare masa shanu, ya shigo gari, shi ke ta da gurup shi ke kashe shi. Akwai Iya mai shara, Babarbariya, wadda ba ta taɓa gilmawa ta gaban Baba ba tare da ta tsokane shi ba. Sai ni.

Lokacin ina da ciki wata shida, na fari. Mijina mushe ne, yana koyar da yara a lakwal ɗin Mallawa, ran Asabar yake zuwa, ni kuma ina zaune da uwarsa. A wurinmu cikin fari ba a maganarsa. Kowa na gani, kowa na kau da kai, mai shi kuma ta ƙara girman mayafi. Ko uwata ban taɓa buɗe baki na ce mata ina da shi ba. Abin da na sani ni kaɗai shi ne, kullum da hantsi, in na sha koko na zauna a kujerar biro, yaron yakan tashi ya yi ta harbi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama har sai na gyara zama.

Da damina shef ya dawo daga Yamai da kwali uku. A ciki akwai faranta kore-kore, da wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe masu ƙafafu kamar ƙwari, da wayoyi. Ya ce ordinater ce, na'urar da ke riƙe abu a kanta ta yi lissafi, amma sai an haɗa ta. Sati shida yana haɗawa da ƙarfen narka dalma, ɗakin yana ta wari. Ba ta zo da gidanta ba, sai ya sa mai ƙera akwatunan ƙarfe na kasuwa ya buga mata ɗaya. Ya ajiye ta bisa tebur, ya haɗa ta da ƙaramar tele da rakoda ta kaset. Aikinta shi ne ta riƙe ruwan saman da ake aunawa a Dungas da Mallawa da Dogo-Dogo, da irin geron da aka shuka a kowace gonar gwaji. Ni zan riƙa buga mata.

Ana gobe za a kunna ta, na ga shef a bayan bango yana buga wani sandan ƙarfe cikin ƙasa da guduma. Ya ɗaura masa waya, wayar ta ratso ta taga ta zo jikin akwatin. Ban tambaye shi amfaninta ba, shi ma bai faɗa wa kowa ba.

Ranar da aka fara kunnawa, sau uku ya bi wayoyin da ma'auninsa na kuran kafin ya yarda. Ya tsaya, hannu ɗaya a kan firiz ɗin bango, inda ake soka waya, don ya fizge ta in wani abu ya tashi, ya ce mini in riƙa shaƙar iska, in na ji ƙauri in yi magana. Ya yi bismilla ya danna. Ba abin da ya ƙone. Wani ɗan farin ɗigo ya fito a kusurwar tele yana ƙiftawa. Shef ya zauna a ƙasa yana dariya shi kaɗai.

Iya ta leƙo ta ce, "Duk wannan wahalar don ɗigo guda? Ai da ka tambaye ni na ɗiga maka da alli."

Daga nan ya rubuta ƙa'idojin a takarda da Faransanci ya manna a bango, ya sa na haddace. Kafin Baba ya ja igiyar gurup, in duba kowane maɓalli yana kashe, waya kuma ba ta cikin bango. In gurup ya tashi ba a gaggawa, don farkon tashinsa kuran hauka yake yi. Akwai wani ƙaramin akwati mai allura a gefen tebur, sai allurar ta daina rawa ta tsaya a kan jan layi, sannan in soka waya. Tele ake fara kunnawa, a jira ta yi haske. Sai rakoda. Ita na'urar ce ta ƙarshe, maɓallinta a baya yake. Kashewa kuma daga ƙarshe ake dawowa. A fara juye aikin ranar a kaset, a mai da kaset baya a tabbatar ya ɗauka, don da an kashe ta duk abin da ke kanta ya tafi. A fid da kaset. A kashe na'ura, a kashe rakoda, a kashe tele, a zare waya, sannan ne kawai zan leƙa taga in ce wa Baba ya kashe gurup. In an kashe ba a sake kunnawa sai an ƙirga talatin. Ba a rufa mata zane sai ta huce.

Na iya duka, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ina so a san wannan.

Saura kwana goma Layya shef ya tafi rangadi Dogo-Dogo, ya ce kwana uku zai yi, ya bar mini takardun Dungas in shigar. An gama girbi, ana zafin nan na bayan damina mai sa mutum ya ji kamar an rufe shi da bargo. Ƙafafuna sun kumbura. Da ma dukanmu, ban da shef, a bakin ƙofa muke barin takalma in za mu shiga ɗakin na'urar. Ba wanda ya ce mu yi, kawai ɗakin ya yi kama da wurin da ba a shiga da takalmi. Washegarin tafiyarsa da safe Iya ta ga ina zufa, sai ta yayyafa wa siminti ruwa fiye da kullum.

"Taka ki ji sanyi, ƴar nan," ta ce. "Na ga ƙafar taki ta zama kamar tulu."

Na taka, na ji daɗinsa.

Baba ya ja igiya, gurup ya yi tari sau biyu ya kama. Na jira allura ta tsaya. Na soka waya, na kunna tele, na jira haske, na kunna rakoda. Sai na miƙe na dafa saman akwatin da hannun dama don in kai ɗayan hannun ga maɓallin baya, kamar yadda na saba tunda cikin ya hana ni sunkuyawa da kyau. Na danna.

Ba zan ce na ji ciwo ba. Wani abu ne ya kama hannun ya riƙe, ya bi ta kafaɗa ya sauka har tafin ƙafa, haƙorana suna kaɗawa da kansu. Na so in saki, hannun ya ƙi. Na so in yi kira, ba murya. Ina kallon takardar ƙa'idojin a bango, ina ganin kowane baƙi sarai. Ban san tsawon lokacin ba. Nauyina ne ya cece ni, gwiwoyina suka saki, na faɗi baya tare da kujera, hannun ya ɓalle.

Iya ta ji ƙarar faɗuwar kujerar. Na ji tana ihu, "Kashe! Kashe shi, kai bawana, kashe!" Gurup ya mutu.

Suka ta da ni, suka zaunar da ni a baranda. Iya ta riƙe tafin hannuna tana juyawa. Ba ƙuna, sai ɗan fari-fari a gindin yatsu biyu. Baba ya tsuguna nesa kaɗan yana ta salati.

"Ina ke miki ciwo?" in ji Iya.

"Ba ko'ina."

"Ki faɗa mini gaskiya."

"Ba ko'ina, Iya."

Gaskiya na faɗa mata, ba inda ke mini ciwo. Amma hantsi ya yi, na sha koko tun ɗazu, kuma ƙarƙashin haƙarƙarina shiru.

Da ƙafafuna suka dawo na zaga bayan biro, ban san abin da nake nema ba. Sai ga wani farin rago ɗaure a jikin sandan ƙarfen da shef ya buga. Ya yi ta ja har sandan ya karkace, wayar ta tsinke tana lilo daga taga, shi kuma yana tsaye yana tuƙa. Baba da Iya suka biyo ni.

"Baba, yaushe aka ɗaure ragon nan a nan?"

"Shekaranjiya, ƴata. Na Layya ne, wani ɗan'uwana ya kawo mini daga wajen Dungas. Na ga turke a banza ba dabba, ga inuwa."

"Turke!" in ji Iya. "Ku ji mini Bafillace. Ko allura ya gani a tsaye sai ya ɗaura mata akuya. Mutum ya yi karatu har ƙasar Turawa don ya zo ya kafa maka turke?"

"To ke da kika mai da ɗakin mutane tafki fa? Babarbariya dai, in ba ta ga ruwa kwance ba hankalinta ba ya kwanciya."

"Rufe mini baki, bawan gidanmu."

Kullum in suna wannan ni ce mai dariya. Ranar na tsaya ina kallon ragon. Ina jin muryoyinsu kamar daga wani gida. Da suka ga fuskata, Baba ya kwance ragon ya ja shi ya tafi.

Ban koma gida ba. Na rufe ɗakin na'urar, na zauna a ɗayan, na buga wasiƙu biyu da mashin. Na sake buga ɗaya don na sa kwanan wata sau biyu. Duk bayan layi sai in tsaya in saurara, kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. Da azahar na yi salla a zaune. Ban roƙi kome ba, na rasa yadda zan fara.

Da la'asar na isa gida. Uwar mijina tana sussukar gero a tsakar gida da maƙwabciyarta. Na durƙusa na gaishe su.

"Kin dawo? Yau kam rana ta dafa ki. Akwai fura a randa, ki dama."

Na dama na sha mai yawa, don na lura in na sha abu mai sanyi yakan motsa. Na shiga ɗaki na kwanta ta gefen hagu, na sa hannu. Ina jin taɓarya, ina jin suna hirar kuɗin goro. Tsakanina da ita taku goma ne. Ta haifi takwas, ta san duk abin da ban sani ba. Na shirya maganar a raina, na miƙe har bakin ƙofa, ta ɗago ta dube ni, sai na ji bakina yana tambayarta ko in ɗora ruwan tuwo. Ta ce in ɗora. Na ɗora. Haka na kwana, ban yi kuka ba, ban kuma yi barci ba.

Da safe na sha koko na tafi biro, don ban san inda zan je ba in ba can ba. Na tarar da motar shef a ƙofa, ya dawo kwana ɗaya kafin lokaci. Baba ya riga ya gaya masa, yana tsaye riƙe da hularsa a hannu. Shef bai yi faɗa ba. Ya je ya dubi sandan, ya dawo ya kwance akwatin, ya daɗe yana bin ciki da ma'auni. Can ya kira ni ya nuna mini wata waya da bakin kwano ya yanke wa riga, tana taɓa jikin akwatin.

"Kin ga wannan? Ita ta sa kuran a jikin ƙarfen. Wayar bayan nan aikinta ke nan, in haka ta faru ta kwashe shi ta kai ƙasa. Da ragon ya tsinke ta, sai kuran ya rasa hanya, ya bi ta jikinki." Ya cire tabarau ya goge. "Laifina ne. Na rubuta kome ban rubuta wannan ba. Ni da takalmi nake shiga, ban taɓa tunani ba. Madam, ba ki ji ciwo ba?"

"Ban ji ba, shef."

"Alhamdu lillahi."

Ya naɗe wayar, ya sake buga sandan har ya nutse, ya ɗaura sabuwar waya, ya kifa tsohon bokiti a kai ya danne da dutse. Ya kira Baba da Iya ya yi musu bayani da Hausa, abin da bai yi ba da farko. Sannan ya ɗauki bik ɗinsa na rubutu ya ƙara layi uku a saman takardar bango: a zaga baya a duba wayar ƙasa, siminti ya zama busasshe, a shiga da takalmin roba. Ya juyo ya ce gara in kunna ta yanzu yana tsaye, in na bari tsoron ya kwana biyu ba zan ƙara taɓa ta ba.

Ban ce a'a ba. Na zaga na ɗaga bokiti na duba. Na sa takalmina. Baba ya ja igiya. Na jira allura. Waya, tele, rakoda. Da na zo kan maɓallin baya na zagaya teburin don kada in dafa akwatin, na danna da yatsa ɗaya. Ɗigon ya fito yana ƙiftawa. Na buga ruwan Dungas na wata guda, shef yana karanto mini. Sannan na juye a kaset, na mai da shi baya, na tabbatar, na fid da shi, na kashe su bi da bi, na zare waya, na leƙa taga na ce, "Baba, a kashe." Muryata ta fito daidai. Shef ya ce madalla, ya ce ni jaruma ce, ya koma ɗakinsa.

Iya tana bakin ƙofa da tsintsiya tun da aka fara, ba ta share kome ba. Da na fito ta tare ni, ta dubi hannuna na hagu. Sai lokacin na ga ashe yana kan cikina, ƙarƙashin mayafi. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ta rage murya. "Tun yaushe?"

Na dubi ƙasa.

"Ke, ni ba surukarki ba ce, ba uwarki ba ce. Mai shara ce ni. Tun yaushe bai motsa ba?"

"Tun jiya da hantsi."

Ta jingine tsintsiyar a bango. Ta leƙa ɗakin shef ta ce, "Zan ari sakatariyarka, za ta raka ni." Ba ta jira amsa ba. Ta kama wuyan hannuna muka fita. Baba ya miƙe zai yi magana, ta ce, "Kai dai tsare ragonka."

Materniti, asibitin haihuwa, ba nisa, amma rairayin hanyar ya yi zafi kuma ba ta sake ni ba har muka isa. Duk hanya faɗa take yi, ba da ni kaɗai ba, da duniya gaba ɗaya. Wai an kai yara lakwal sun iya kunna ƙarfe mai tunani amma ba su iya buɗe baki ba. Wai ita ma da nata na fari haka ta yi shiru kwana uku, ba ta ƙarasa wannan ba, ta koma zagin Baba.

Mata sun kai goma a kan benci. Iya ta ratsa su da ni, ta ce wa unguwarzoma, "Kuran ya kama ta jiya, cikin bai motsa ba." A gaban kowa ta faɗa. Ban ji kunya ba, ban ji kome ba.

Unguwarzomar babbar mace ce mai farar riga. Ta kwantar da ni a kan gado mai shimfiɗar roba, ta yaye zanen, ta lallatsa da hannu mai sanyi. Ta ɗauko wani ƙaho na ƙarfe mai faɗin baki, ta kafa a cikina, ta sa kunnenta a ɗaya gefen. Ta daɗe. Ta ɗaga ta matsar da shi ƙasa. Ta sake matsarwa. Ina kallon silin, akwai gidan zanzaro a kusurwa, na ƙirga ƙofofinsa, biyar ne. Iya tana tsaye a kaina tana motsa baki. Unguwarzomar ta kai ƙahon can gefen hagu kusa da ƙugu, ta danna da ƙarfi, ta rufe ido. Sai na ga yatsanta yana bugun gefen gadon, da sauri da sauri.

"Yana nan," ta ce. "Ya juya baya ne ya lafe. Zuciyar kamar ƴanmata na lugude."

Iya ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Unguwarzomar ta yi mini faɗa sosai. Ta ce ko faɗuwa na yi a bakin rijiya in zo a ranar, balle kuran. Ta ce in dawo jibi, in kuma bai motsa ba kafin magariba in dawo yau, ko da wa zan taso. Ta tambaye ni ko na ji. Na ce na ji.

Da muka fito Iya ta ce ƙafafunta ba za su kai ta biro ba sai ta huta. Muka zauna a gindin wani iccen bedi kusa da mai dafaffiyar gyaɗa. Ta saya ta zuba mini a cinya, ta ce in ci, ba ta son gardama. Na fara ɓarewa. Ina cikin ci, wajen gyaɗa ta goma ko sha ɗaya, na ji yaron. Ba harbi ba ne, ɗan juyi ne kawai, kamar mai barci ya gyara kwanciya. Na jira in ji murna ta zo. Ba ta zo ba, sai yunwa. Iya tana ba mai gyaɗar labarin ragon, har ta kai wurin turke suna dariya. Ban katse ta ba. Na ci gaba da ɓare gyaɗar har ta ƙare.